Tambaya da Amsa: Jerin Sunayen da Muke Tsallakewa a Littafi Mai Tsarki

TAMBAYA

Baba, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Tun farkon shekara na ɗauki niyyar karance Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayin Yahaya. Na yi ta tafiya lafiya har na iso 1 Tarihi, a nan na cije. Sura tara cur, ba komai sai wane ya haifi wane. In na tsallake sai in ji kamar na yi laifi, in na karanta barci ya kwashe ni. Me Allah yake so in koya a ciki? Kuma Baba, ba zan ɓoye maka ba, surorin nan suna fama mini wani miki. Mahaifiyata ta haife ni ba da aure ba, ban san dangin mahaifina ba. Bara saura kaɗan a sa mini rana, iyayen yaron suka yi bincike suka ce ba ni da asali, magana ta watse. Wani mai wa'azi da ya zo taron farkawa kuma ya ce irinmu la'anar gado ce take bin mu. In har Allah ya damu da asali haka, har ya cika littafinsa da shi, ina matsayin irina?

Wata 'yar'uwa daga Mabera, Sakkwato

AMSA

Sannu ɗiyata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Tambaya biyu kika ƙulle wuri ɗaya, kuma ba zan kwance su ba, don amsar ta farko ita ce amsar ta biyu.

Wanda ya tashi a Sakkwato ba sai an koya masa darajar nasaba ba. Kin sha ganin maroƙi a wurin ɗaurin aure. Zai hango mutum ya sha babbar riga, ya matso kusa da shi ya ɗaga murya: ɗan wane, jikan wane, tattaɓa kunnen wane da ya yi kaza. Ba zai sarara ba sai hannu ya shiga aljihu. Amma ki lura da abin da ba ya taɓa yi. Ba zai ambaci kawun da aka kama da akuyar mutane ba, ko gwaggon da ta bar gida da abin kunya. Ya san su sarai, wataƙila ma ya fi 'yan gidan saninsu, amma ba don su ake ba shi kuɗi ba. Aikinsa ya zaɓa.

To buɗe Matiyu sura 1 da wannan kunnen. Matiyu zai gabatar da Sarkin sarakuna ga Yahudawa, mutanen da su ma ba sa wasa da asali. Da maroƙi ne, in zai saka mata a jerin, Saratu da Rifkatu zai kira. Bai kira su ba. Kafin ya iso kan Maryamu mata huɗu ya ambata, kuma kowace da labarin da za a so a rufe: Tamar, Rahab, Rut, da wadda bai ma faɗi sunanta ba, ya ce matar Uriya, don kada mai karatu ya manta yadda Dawuda ya same ta da abin da ya yi wa mijinta. Rahab karuwa ce a Yariko. Rut Bamowabiya ce, alhali Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana Bamowabe shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma. Ita ce ta haifi Obida, kakan Dawuda.

Bari in daɗe a kan Tamar, domin ita ce taki. Labarin yana Farawa 38, surar da ba a cika karanta wa yara a sujadar safe ba. Ta auri ɗan farin Yahuza, ya mutu. Ƙanensa ya gaje ta bisa al'adarsu, shi ma ya mutu. Yahuza ya yi mata alkawarin ɗansa na uku, Shela, ya ce ta koma gidan ubanta ta jira. Yaro ya girma, shiru. Da ta ga an yi mata riƙon sakainar kashi, sai ta tuɓe kayan takaba, ta lulluɓe fuska, ta zauna a bakin hanyar Timna. Surukinta ya zo wucewa, ya ɗauka karuwa ce, ya neme ta. Ta karɓi hatiminsa da igiyarsa da sandansa jingina. Bayan wata uku aka kai masa labari surukarsa tana da ciki. Shi da bakinsa ya ce a fito da ita a ƙone. Ana fito da ita ta aika masa da kayan nan uku, ta ce mai waɗannan shi ne mai cikin. Yahuza ya duba, ya ce ta fi shi gaskiya. Tagwaye ta haifa, Feresa da Zera.

Da a unguwarmu aka haifi Feresa, kin san sunan da za a riƙa kiransa da shi a bayan idonsa, kin kuma san gidajen da ba za su ba shi aure ba. Amma je ki Rut 4:12. Ranar da Bo'aza ya ɗauki Rut a ƙofar garin Baitalami, dattawa suka sa masa albarka, kuma a cikin addu'arsu suka roƙa gidansa ya zama kamar gidan Feresa, wanda Tamar ta haifa wa Yahuza. Wato yaron da aka kusa ƙone shi a cikin mahaifiyarsa, shi ya zama abin misali a wurin ɗaurin aure. Littafin Rut ya rufe da sunaye goma, na farko Feresa, na goma Dawuda. Ni dai duk lokacin da na ji an ce an fasa aure don yarinya ba ta da asali, nakan so in tambayi dattawan gidan ko sun taɓa karanta ayar nan a hankali.

Yanzu me ya sa aka jera sunayen tun farko? Saboda irin alkawarin da Allah ya yi. Ya ce wa Ibrahim ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka (Farawa 12:3). Ya ce wa Dawuda gidansa da gadon sarautarsa za su tabbata har abada (2 Sama'ila 7:16). Irin wannan alkawari ba ya cika a rana ɗaya, kuma ba ya rayuwa sai an haifi ɗa a kowace tsara. Tsara ɗaya ta yanke, shi ke nan, maganar Allah ta faɗi ƙasa. Saboda haka duk inda kika ga "ya haifi", labari ake ba ki cewa alkawarin ya sake ƙetare wata tsara da ransa. Kuma sau da yawa da ƙyar yake ƙetarewa. Saratu tana da shekara 90 ta haifi Ishaku. Rifkatu ta yi shekara 20 a ɗakin miji ba haihuwa.

Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne 2 Sarakuna 11. Sarki Ahaziya ya mutu, mahaifiyarsa Ataliya ta tashi ta karkashe dukan 'ya'yan sarauta don ta hau mulki. Ana cikin kisan, Yehosheba, 'yar'uwar marigayin, ta saci jinjiri guda daga cikin waɗanda za a kashe, ta sa shi da mai renonsa a ɗakin kwana. Daga nan aka ɓoye shi a Haikali shekara 6, Ataliya tana mulki a waje. Ki yi tunanin matar nan da take renon yaron. Kuka in ya yi yawa matsala ne, zazzaɓin dare ɗaya ya isa ya gama da shi, bakin mutum guda in ya suɓuce an gama. Alkawarin da aka yi wa Dawuda na har abada yana kwance a bayan mace guda a ɗaki rufe. Yana shekara 7 firist Yehoyada ya fito da shi aka naɗa shi. In kin iso 1 Tarihi 3:11 za ki ga sunansa, Yowash, a tsakanin na ubansa da na ɗansa, ba wani bayani. Duk wannan tashin hankali yana ƙunshe cikin suna ɗaya, shi ya sa mai gaggawa ba ya ganin komai.

Littafin Tarihi kansa an rubuta shi ne bayan an dawo daga bauta a Babila. Nebukadnezzar ya rushe Urushalima da Haikali a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Waɗanda suka komo sun tarar ba sarki, ƙasa tana hannun Farisa, su kuma 'yan tsiraru. Tambayar da take cin ransu ita ce ko har yanzu su mutanen Allah ne, ko kuwa ya sallame su. Marubucin bai tsaya gaisuwa ba, ya fara da Adamu, Shitu, Enosh, ya yi ta jan igiya har sura 9, inda ya lissafa waɗanda suka dawo suka zauna a Urushalima, wato iyaye da kakannin masu sauraronsa. Abin da yake sa ki barci, su kunne suke kasawa su ji an kira gidansu.

Kuma ba sarakuna kaɗai ya rubuta ba. A sura 4 akwai iyalan masaƙa da na magina tukwane. A 7:24 akwai wata mace, She'era, da ta gina garuruwa. A 9:31 akwai wani Balawe, Mattitiya, wanda aikinsa kula da toye-toyen Haikali ne, an rubuta sunansa da na ubansa. Mu nan har yau akwai gidajen da in an ce yaro ɗan majema ne ko ɗan mahauta sai a fara kame-kame, alhali fatar jar akuyar nan da majema suke jemewa ita ta kai sunan Sakkwato ƙasashen da sarakunanmu ba su taɓa takawa ba. Wannan dai a gefe na faɗe shi.

Sai maganar la'anar gado. Ban ji wa'azin mutumin ba, amma na san ayar da irinsu suke riƙewa, Fitowa 20:5, inda aka ce hukuncin laifin iyaye yana kaiwa tsara ta uku da ta huɗu. Ba sa ƙarasa jimlar. An ce na waɗanda suke ƙin Allah, kuma aya ta 6 ta ce ƙaunarsa tana kaiwa dubbai ga masu ƙaunarsa. Ezekiyel 18 kuwa sura ce guda da aka rubuta don kashe wani karin magana na Isra'ilawa, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya ce kada a ƙara faɗinsa: ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Jerin sarakunan Yahuza ma shaida ne. Ahaz mugu ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah. Hezekiya ya haifi Manassa, wanda ya yi shekara 55 a kan mulki ya cika Urushalima da jini. Jikan Manassa shi ne Yosiya, wanda ya gyara Haikali ya mai da jama'a ga Shari'a. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, ta kowane ɓangare.

In kuwa ana neman gidan da aka la'anta da gaske, da bakin annabi, ga shi a Matiyu 1:11-12: Yekoniya, wanda Littafin Sarakuna yake kira Yehoyakin. Yana shekara 18 ya hau mulki, wata 3 ya yi, aka kwashe shi zuwa Babila a shekara ta 597. A Irmiya 22 Allah ya ce ko da shi zoben hatimi ne a hannunsa na dama, zai cire shi ya yar, kuma babu wani daga zuriyarsa da zai zauna a gadon Dawuda yana mulkin Yahuza. Maganar ta tabbata, babu ɗansa ko jikansa da ya yi sarauta a Urushalima. Amma Allah bai bar gidan ya mutu ba. Masu tonon kayan tarihi sun sami allunan yumɓu a kangon Babila, aka buga bayaninsu a 1939, suna nan a gidan tarihi a Balin ta Jamus. Lissafin ma'aji ne kawai, na man da ake auna wa fursunonin fada, kuma a ciki akwai sunan Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar. Wani magatakarda ya zauna yana danna yumɓu, bai san yana rubuta shaidar cewa zuriyar Dawuda tana raye a gidan maƙiyinta ba. A shekara ta 37 ta bautarsa aka fito da shi daga kurkuku, ya riƙa cin abinci a teburin sarkin Babila, da wannan labarin 2 Sarakuna ya ƙare. Jikansa Zarubabel ya jagoranci sake gina Haikali, kuma a shekara ta 520 annabi Haggai ya kawo masa saƙo cewa Allah zai mai da shi kamar zoben hatimi (Haggai 2:23). Zoben da aka cire a kan kaka, aka mayar a kan jika.

Bayan Zarubabel, Matiyu ya jera mutum tara kafin Yusufu mijin Maryamu: Abihud, Eliyakim, Azoro, Saduƙu da sauransu. Kusan shekara 500 ke nan. Ba su yi sarauta ba, ba su yi annabci ba, Littafi Mai Tsarki bai faɗi ko abu guda da suka yi ba sai haihuwa. Gidan sarauta ya gangaro har ya tsaya a kan masassaƙi a Nazarat. Waɗannan tara su na fi so a duk jerin, don yawancinmu irinsu ne.

Gaskiya ne akwai inda rashin takardar asali ta hana mutane wani abu. A Ezra 2:61-63 wasu iyalai sun nemi sunansu a littafin asali ba su samu ba, aka dakatar da su daga aikin firist. Wannan dokar firistocin gidan Haruna ce, ba ta shafe ki ba. Bayan Matiyu 1 da Luka 3 babu sauran jerin asali a Sabon Alkawari, don wanda ake jira ya iso. Yahaya Maibaftisma ya gaya wa masu taƙama da Ibrahim cewa Allah yana iya tayar wa Ibrahim 'ya'ya daga duwatsu. Bulus ya ce duk wanda yake na Almasihu zuriyar Ibrahim ne, magaji bisa ga alkawari (Galatiyawa 3:29), ya kuma gargaɗi Timoti da Titus su guji gardamar asali marar iyaka. Saboda haka in mai wa'azin nan ya nemi ki kawo wani abu don a karya miki la'ana, riƙe kuɗinki.

Iyayen yaron kuwa, ba na cewa bincike laifi ne. A binciki hali, a binciki sana'a da bangaskiya, a yi gwajin jini saboda sikila. Amma a hukunta yarinya a kan abin da ya faru kafin ta zo duniya, wannan ba su samo shi a Littafi ba. Kada ki bi su da roƙo, kada kuma ki riƙe su a zuci. Ki kuma kula da mahaifiyarki, don na tabbata abin ya fi yi mata ciwo fiye da yadda take nuna miki.

Game da karatun, ba zunubi ba ne ki wuce wasu ayoyin da sauri. Shawarata ki ɗauki sura ɗaya a rana, ki haɗa da Zabura guda. Karanta da murya, ko da harshe yana tuntuɓe, fastoci ma suna tuntuɓe. Riƙe fensir, duk sunan da kika gane ki ja masa layi ki koma ki nemi labarinsa. Sa'an nan a farar takardar da ke gaban Littafinki ki rubuta naki jerin. Timoti ubansa Baheleni ne, ba a ma faɗi sunansa ba, amma da Bulus zai ja masa nasaba sai ya bi ta kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5). Fara da wadda ta fara kai ki sujada.

TAMBAYA

Baba, abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai ya nuna mini cewa asalin Yesu a Matiyu dabam yake da na Luka. Matiyu ya ce uban Yusufu Yakubu ne, Luka ya ce Heli. Ya ce wannan saɓani ne. Na rasa abin faɗi.

Wani ɗalibi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo

AMSA

Ɗana, abokinka ya karanta daidai, kada ka musa masa abin da ke rubuce. Daga Dawuda jerin biyu suka rabu: Matiyu ya bi ta Sulemanu, Luka ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda. Matiyu ya faro daga Ibrahim ya gangaro, Luka ya faro daga Yesu ya haura har Adamu. Matiyu kuma ya tsara nasa kashi uku, tsara 14 kowanne, har ya tsallake sarakuna uku bayan Yoram, wato Ahaziya, Yowash da Amaziya. Gwada Matiyu 1:8 da 1 Tarihi 3:11-12 ka gani. Wannan ba ɓoye-ɓoye ba ne, kowane Bayahude ya san sunayen. Mu ma muna ce wa mutum jikan Shehu, alhali Shehu ya rasu tun 1817.

Ikilisiya ta san da wannan bambanci tun da daɗewa. A ƙarni na 3 wani marubuci Kirista, Yuliyus Afirkanus, ya bayyana shi da auren gado: Heli ya mutu ba ɗa, ɗan'uwansa Yakubu ya auri matar ya haifi Yusufu, ya zama ɗan Yakubu ta jini, ɗan Heli ta shari'a. Wasu malamai sun ce Luka asalin Maryamu ya bi. Wasu kuma sun ce Matiyu jerin magada sarauta ya kawo, Luka ya kawo na haihuwa. Ni na fi karkata ga na ƙarshen, kuma Basakkwace ba zai sha wuyar gane shi ba. Da Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ɗan'uwansa Atiku ne ya gaje shi, sai a 1842 sarauta ta komo kan Aliyu Babba ɗan Bello. A zamaninmu, bayan Sarkin Musulmi Abubakar na III a 1988 sai Ibrahim Dasuƙi, sai Muhammadu Macciɗo a 1996, sai ƙanensa Sa'ad Abubakar a 2006. Wanda ya rubuta jerin gadon sarauta da wanda ya rubuta wa ya haifi wa za su kawo sunaye dabam, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Ka nuna wa abokinka Matiyu 1:12 da Luka 3:27. A nan jerin biyu suka sake haɗuwa a kan Sheyaltiyel da Zarubabel, amma Matiyu ya sa Yekoniya, sarki, a matsayin uban Sheyaltiyel, Luka kuwa ya sa Neri daga gidan Natan. Dukansu biyu kuma sun yi hattara a kan Yusufu: Matiyu ya kira shi mijin Maryamu wadda ta haifi Yesu, Luka ya ce ana zaton Yesu ɗansa ne. Ku buɗe surorin biyu gefe da gefe, da 1 Tarihi 3 a tsakiya, ku bi su suna bayan suna.